Anti, Ni Na Sa Wa Ɗana Ciwon Hanta?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, a Agege muke zaune. Ɗana na tsakiya, ɗan shekara 6, wata 9 ke nan da likitoci suka ce yana da sankarar jini. Tun daga lokacin muke zaryar asibiti. An yi masa ƙarin jini leda biyar: ƙanena mai sayar da albasa a Mile 12 ya bayar sau biyu, maƙwabta suka ba da biyu, ɗaya kuwa cikin dare ne babu kowa a kusa, sai babansa ya biya wani mutum kuɗi ya bayar. Jiki ya fara kyau, gashi ya fara tsirowa, aka mayar da shi kan ƙwayoyin da yake sha a gida. To, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Sati uku da suka wuce idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba madara, abinci ya fita ransa. Likita ta dakatar da ƙwayoyin, aka yi gwaji, ta ce yana da ciwon hanta nau'in B, ta ce mu ma a gwada mu. Na yi, aka samu ina da shi. Maigida ya ƙi yi, ya ce shi garau yake jin kansa.

Tun ranar gidan ya canza. Ya ce ko dai ni na sa wa yaron, ko jinin ƙanena ne. Wani abokin sana'arsa a Abbatuwa ya gaya masa ta hanyar kwanciya ake ɗaukar ciwon, sai ya dawo ya tambaye ni, "Ke a ina kika samo shi?" Anti, shekara 12 da aurenmu, ban taɓa zaton zan ji wannan tambaya daga bakinsa ba. Hajiya mahaifiyarsa kuma kullum sai ta bugo waya daga Funtuwa, ta ce shawara ce, maganin Bature ne ya ƙona masa hanta, a kawo shi gida a ba shi sassaƙe. Maigida ya fara karkata ga maganarta, don kuɗi sun ƙare, har filinsa ya sayar. Yanzu an ware wa yaron kwano da kofi. Jiya ya miƙa hannu zai sha ruwa a kofin yayarsa aka janye, ya yi ta kallona. Anti, ni na sa masa? Kuma in yarda a tafi da shi gida?

Uwar yara uku, Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah ya tashi kafaɗun yaron nan, ya ba ki ladan haƙuri.

Kafin manyan maganganu, mu fara da kofin. Yau ɗin nan ki mayar da yaron cikin 'yan'uwansa, su ci tare su sha tare. Ciwon hanta nau'in B ba a ɗaukarsa a kwano ko a kofi, ba a ɗaukarsa a tari ko a runguma. Ta jini yake bi, da ta haihuwa, da ta saduwar aure. In ma akwai ranar da za a ware kofi, ranar da ɗaya daga cikinsu ke mura ce, don a kare shi daga gare su, kuma a gaya masa don shi ake yi. Yaron da ya sha allura wata tara bai kamata a ƙara masa da ƙyama a ɗakin uwarsa ba.

Sai tambayar da ta hana ki barci. Ba zan rarrashe ki da ƙarya ba: yana yiwuwa a wurinki ya samu. Amma hanya ɗaya ce wannan cikin hanyoyi da yawa, har yanzu babu wanda ya san ta inda ciwon ya shigo, kuma ko da ta tabbata ta wurinki ne, babu laifinki ko ƙwayar zarra. Babban binciken da aka gudanar a faɗin ƙasar nan a 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Wato in kin shiga danfo daga Agege zuwa Oshodi, da wuya a rasa mutum ɗaya mai shi a cikin motar, kuma yawanci shi kansa bai sani ba. Akasarin masu ɗauke da shi a ƙasashenmu tun suna ƙanana suka samu. Dalilin kuwa shi ne jaririn da ya kamu, tara cikin goma ciwon kan zauna a jikinsu har girma, amma babban da ya kamu, jikinsa kan kore shi cikin 'yan watanni, waɗanda yake zaunar musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Rigakafinsa kuma sai a 2004 aka sa shi cikin allurar yara a Najeriya, ke da ni da maigidanki duk ta wuce mu. Don haka in an samu matar aure da ciwon zaune a jikinta, abin da ya fi kusa da hankali shi ne tun tana goye ta samu, ko wajen haihuwarta, ko a askar wanzami, ko a allurar hujin kunne. Abokin nan na Abbatuwa ya ji rabin magana ne ya yi gaba da ita.

Yanzu bari in nuna miki yadda ciwon da ya yi shekaru yana barci yake farkawa, don labarinki ya yi kama da haka ƙwarai. Ƙwayar bairas ɗin nan ba ita da kanta ce ke yi wa hanta mafi yawan ɓarna ba. Tana shiga cikin hantar ne ta zauna, sai garkuwar jiki ta zo yaƙarta, a cikin yaƙin ne hanta ke jin jiki. Maganin kemo, wato maganin sankarar da ake ba shi, musamman ma irin su dexamethasone da prednisolone da ake haɗawa da shi, yana kwantar da garkuwar jiki. Garkuwa na kwance, sai ƙwayar ta samu sake ta yi ta hayayyafa shiru, babu wata alama. Ranar da aka sassauta maganin mai ƙarfi, garkuwa ta fara miƙewa, sai ta tarar hanta cike da abokan gaba, ta afka mata gaba ɗaya. Shi ya sa sau da yawa ɗorawar ido ba ta fitowa lokacin da yaro ke kwance magashiyan, sai lokacin da gashi ya fara tsirowa kowa ya fara hamdala. In haka ne ya faru, to ciwon ya riga sankarar zuwa, kuma duk ledojin jinin nan biyar ba ruwansu.

Amma jinin ma abin dubawa ne. Ƙa'ida ita ce duk ledar da za a ƙara wa mutum sai an gwada ta a kan cututtuka huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere, kuma Jihar Legas na da hukumarta mai sa ido a kan haka. Sai dai gwaji na da makantarsa. Wanda bai daɗe da kamuwa ba, akwai 'yan makonnin da ƙwayar ke cikin jininsa gwajin bai ganin ta. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo kuma yakan ɗauki wata ɗaya zuwa shida, lissafin da ya yi daidai da watannin jinyarku. Ƙanenki fa? Sau biyu ya bayar, wato sau biyu aka gwada shi aka karɓa. Bayan haka, a asibitoci da yawa jinin da ɗan'uwa ya bayar ba shi ake ɗaura wa majinyaci ba, ma'ajiya ake kai shi a madadin wanda aka ɗauko. Likitocin sankarar jini ma ba su cika son a sa wa yaro jinin dangi na kusa ba. Mai yiwuwa ne jinin bawan Allahn nan ko ɗigo bai shiga jikin ɗanki ba. Duk da haka ya je ya sake gwaji, tunda ke da shi ciki ɗaya kuka fito.

Ledar da ta fi sa ni tunani ita ce wadda aka saya cikin dare, don wanda ke ba da jini saboda kuɗi yana da dalilin ɓoye tarihin lafiyarsa. Na san abin da zuciyarki za ta raya miki da jin wannan. Kada ki kuskura ki mayar da shi makami. Maigidanki ɗansa ya gani yana neman tafiya, ya yi abin da kowane uba zai yi, kuma ba mamaki ledar nan ce ta sa yaron ya kwana a duniya. Ki faɗa wa likita dai a fili, don ta rubuta.

Akwai sauran ƙofofi. An yi wa yaron kaciya a wurin wanzami? An cire masa beli? Mai yankan farce na yawo ya taɓa yi masa da almakashin da ya yi wa layin gaba ɗaya? An taɓa yi masa allura a kemis ko a gida kafin a gano ainihin ciwonsa? Ƙwayar nan kan yi kwana bakwai a raye a kan aska ko reza. Kuma ga wadda babu wanda ya kawo a gidanku: mai yiwuwa ne yaron ne ya sa miki. Wata tara kina share masa haɓo da hannunki, kina wanke masa baki in dasashi ya yi jini, kina wankin tsummansa. Gwaji ɗaya ba ya nuna tun yaushe mutum ke ɗauke da ciwon, sai an sake bayan wata shida, in har yana nan sannan a ce ya zauna. Sannan ga maigida da bai yi gwajin ba sam. Jin garau ba shaida ba ce, ke ma garau kike ji har ranar da aka miƙo miki takarda.

Abin da zai raba gardamar nan, in akwai, yana cikin fayil ɗin yaron. Ki tambayi likita: kafin a fara kemo, an gwada shi a kan ciwon hanta? Me aka gani? Sunayen gwajin su ne HBsAg, mai nuna ƙwayar tana nan, da anti-HBc, mai nuna ta taɓa shiga jiki. In duka biyun sun fito babu komai a farko, to bayan fara jinya ya kamu. In da alama tun farko, tsohon ciwo ne ya tashi. In kuwa ba a yi ba, to wataƙila har abada ba za a san hanyar ba, kuma maganin da za a ba shi bai canza ba ko ta ina ta shigo. Ki nemo katin rigakafinsa ki kai mata, ta ga ko ya samu allurar farko ta cikin awa 24 da haihuwa da sauran da ke biye. Ko ya samu ma, kemo kan raunana kariyar da allurar ta bayar.

Kin zo neman shawara a kan shawara, kin ga Hausa da wasa da mutum. Amma akwai darasi a kalmar: duk idon da ya yi ɗorawa, mu shawara muke cewa, alhali ɗorawar hayaƙi ce kawai, wutar kuwa iri-iri ce. Samun nau'in B a jinin yaro bai tabbatar shi kaɗai ne ke ƙona hantar ba. Ƙwayoyin da ake ba yara su sha a gida a wannan mataki, mercaptopurine da methotrexate, sanannu ne wajen tayar da lambobin hanta, wato sakamakon gwajin jini mai nuna hanta na jin jiki, shi ya sa likita ta fara da dakatar da su. A nan Hajiya ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ita sankarar kanta kan shiga hanta, yawan ƙarin jini kuma kan tara sinadarin ƙarfe a cikinta. Sannan yaron da garkuwarsa ke ƙasa, ƙwayoyin bairas da ba sa yi wa sauran yara komai kan samu damarsa. Akwai nau'in C, wanda shi ma ta jini yake bi, kuma a jikin mai shan kemo gwajin yau da kullum na iya cewa babu alhali akwai, sai an yi na PCR mai neman ƙwayar kanta. Akwai nau'in A da nau'in E, masu bin ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata, abin da duk mai zaune a Legas da damina, yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ya san ba nesa yake ba. Akwai CMV da EBV, waɗanda kusan dukkanmu muka ɗauka tun yarinta suke kwance a jikinmu, sai garkuwa ta faɗi su ɗago kai. Akwai adenobairas mai zuwa da kamar mura ko gudawa. Har ƙarambau, da muke raina shi, a jikin irin wannan yaro yana iya sauka a hanta ya zama abin tashin hankali, don haka in ya ɓulla a gidan hayarku ko a Islamiyyar 'yan'uwansa, a ranar za ki sanar da asibiti.

Ba cewa nake a yi duk waɗannan gwaje-gwaje ba, aljihu ba zai ɗauka ba, kuma likita ce ta san waɗanda alamu suka nuna. Wanda dai zan so ki tambaya da sunansa shi ne HBV DNA, mai ƙirga yawan ƙwayar a jini. In ta yi yawa sosai, an kama ɓarawon. In kaɗan ce, sai a ƙara duba wani wurin. Ki ce mata kai tsaye, "Likita, ƙarfinmu ya ƙare, wanne ne dole yanzu, wanne zai iya jira?" Ba abin kunya ba ne, kullum suna jin irinta. In Turanci na ba ki wuya, ki tafi da wanda zai fassara miki, ki sa a rubuta miki amsoshin a takarda, don a gaban likita kan mutum kan ɗauke.

Ga abin da nake so ki riƙe da hannu biyu: nau'in B yana da maganin da ke danne shi. Akwai entecavir, akwai tenofovir, sau ɗaya ake sha a rana, kuma ana ba yara. Ba sa fitar da ƙwayar kwata-kwata, amma suna hana ta hayayyafa, hanta ta samu sararin warkewa, a koma kan kemo. Ana ci gaba da sha har a gama kemo da wasu watanni bayansa, kuma ba a yanke shi rana tsaka, don yankewar kan sa ciwon ya dawo da ƙarfi. In an samu nau'in C, shi ma maganin wata biyu zuwa uku ne yake warkar da sama da 95 cikin 100, kuma ana ba yara daga shekara 3. Ita kuwa sankarar, tunda kin ce ƙwayoyi yake sha a gida, ina kyautata zaton irin da ta fi yawa ga yara ce, wadda likitoci ke kira ALL. Maganinta kan ɗauki shekara biyu ko sama da haka. A ƙasashen da suka ci gaba, kusan yara tara cikin goma ke warkewa. A nan ba mu kai haka ba, kuma cikin manyan dalilai akwai yanke magani a tsakiya, sau da yawa daidai lokacin da yaro ya fara kyan gani. Sankarar da aka bari a wata na tara dawowa take yi, kuma in ta dawo ta fi ta farko taurin kai. Dakatarwar da likita ta yi ta 'yan makonni, tana kallon lambobi, daban take da a ɗauki yaro a tafi.

Don haka amsata a kan tafiya Funtuwa shan sassaƙe ita ce a'a. Amma kada ki ɗauki Hajiya abokiyar gaba. Ta ga yara da yawa sun yi shawara, an ba su jiƙo, sun miƙe. Gaskiya ta gani. Abin da ba ta sani ba shi ne yawancin irin wannan shawarar ta yara nau'in A ce, wadda kan tafi da kanta cikin 'yan makonni, jiƙo ya karɓi yabo. Jikanta ba a wannan layin yake ba. Duk abin da ya shiga ciki, hanta ce ke tace shi, kuma tasa a kumbure take. Lokacin da nake aikin jinya, a ɗakin yara na wani asibiti, mun taɓa rasa gane kan wata yarinya: an tsayar da duk maganin da ake zargi, amma lambobin hantarta sai hawa suke yi. Wani dare na zo gyara mata ruwan da aka ɗaura, na ji wani ɗaci-ɗaci na tashi daga matashinta. Kakarta ce, tsohuwa mai kirki da ke kwana a tabarma a gindin gadon, ta ɗaure wata 'yar kwalba a haɓar zaninta, in ƙafa ta ɗauke ta ba ta cokali biyu. Da muka yi magana ta fashe da kuka, ta ce ita gani ta yi kowa na yin wani abu ban da ita. Tun daga nan na daina faɗa da kakanni, aiki nake ba su. Ki kira Hajiya da kanki, ki gaishe ta da ladabi, ki ce, "Hajiya, likita ta ce hantarsa ba za ta ɗauki komai ba yanzu, ko na asibitin ma an tsayar. Addu'arki muke nema, ki sa a yi masa sauka, a yi sadaka, in da hali ki zo ki gan shi." In ta zo ta zauna gaban likita ta ji da kunnenta, ya fi saƙo dubu. In kuma an riga an ba shi wani abu, jiƙo ne ko agbo, wato jiƙon Yarabawa, na maƙwabta, ki faɗa wa likita ba tare da tsoro ba.

Maigida kuwa, tambayar da ya yi miki ta yi muni, kuma kina da haƙƙin a ba ki haƙuri. Ba zan wanke shi ba. Sai dai ina ganin mutum ne da ya sayar da filinsa, ya zuba duk abin da ya tara, sai aka ce masa ga wani ciwon kuma, ya rasa wanda zai kama sai na kusa. Musu a ɗaki ba zai kai ku ko'ina ba, don zai ji kamar kare kanki kike yi. Ki roƙi likita ta ce tana son ganin uban yaro, ta yi masa bayanin yadda ake ɗaukar ciwon, ta kuma nemi gwajinsa a matsayin abin da jinyar ɗansa ke bukata. Namiji kan karɓi magana daga bakin likita wadda ba zai karɓa daga matarsa ba, haka Allah ya yi su. In ya ƙi zuwa, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin masallacinku ko wani dattijo cikin abokan sana'arsa, amma mutum ɗaya mai riƙe sirri, kada zancen ya zagaya Agege. In sakamakonsa ya fito babu komai, rigakafi zai yi, allura uku cikin wata shida. In ya fito da shi, ki yi masa abin da kika so ya yi miki. Maganar ban-haƙuri ki ajiye ta, ba yafe ta na ce ki yi dole ba, sai idon yaro ya washe ku zauna a kanta.

Batun kuɗi gaskiya ne, ba zan tsallake shi ba. Manyan asibitocin gwamnati na da sashen taimakon marasa ƙarfi, ki tambayi nas ta nuna miki ofishin, ki kuma tambaya ko akwai ƙungiyoyin da ke tallafa wa yara masu sankara da ke zuwa ɗakin. Kwamitin masallaci, da masu fitar da zakka cikin 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12, da ƙungiyar 'yan garinku, duk ƙofofi ne, kuma maigida ya fi ki sanin su in ya sauke nauyin baki. In kuwa zaman Legas ya gagara sam, dole sai an koma Arewa, to a koma da tsari. Asibitin koyarwa na Shika a Zariya bai da nisa da Funtuwa, ga kuma na Aminu Kano, duk suna kula da yara masu sankara. Likitarku ta rubuta cikakkiyar takardar miƙawa, da sunan kowane magani da ranar da aka ba shi da sakamakon gwaje-gwaje, a san wanda zai karɓe ku a can, kuma a bari sai ta ce jikinsa zai iya ɗaukar kwana a mota. Wannan ita ce tafiyar da zan sa wa hannu, kuma za ki iya miƙa wa maigida ita a madadin waccan, don kada ya ji an toshe masa kowace hanya.

Ke ma majinyaciya ce yanzu, kada ki manta da kanki. Ki ga likitan hanta a duba lambobinki da yawan ƙwayar. Ba kowane mai ɗauke da ciwon ke bukatar magani nan take ba, amma kowa na bukatar a riƙa duba shi. Sauran yaran biyu a gwada su, wanda ba shi da kariya a yi masa rigakafi. In Allah ya kawo wani cikin, ki faɗa tun awon farko: akwai maganin da ake ba uwa a watannin ƙarshe in ƙwayar ta yi yawa, jariri kuma a yi masa allura cikin awa 24, ki ba shi nono yadda kika saba. A gida, kowa da buroshinsa, da rezarsa, da abin yankan farcensa. In jini ya zuba a ƙasa, ki sa safar hannu ko leda, ki goge da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara. Ruwan shansa a tafasa.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. In kin ga barci ya yi masa yawa ba ya tashi da sauƙi, ko yana magana ba kan gado, ko ya juya dare ya zama rana, ko yana aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ciki ya kumbura, ko zafin jiki ya kai 38, ki ɗauke shi a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, hanya ma ta fi sauƙi a lokacin. Kada ki ba shi farasitamol ki ce bari a ga safiya, shi ma ta hanta yake bi, sai da izinin likita da gwargwadon da ta faɗa. Ki samu mai mota ko mai Keke ɗaya a unguwa da kuka yi magana tun yanzu, lambarsa na cikin wayarki.

Katin rigakafin nan ki neme shi yau, ko a ƙasan akwati yake, ki haɗa shi da tambayoyinki a leda ɗaya. In sakamakon HBV DNA ya fito, ki sake rubuto mini in ji abin da likita ta ce, da yadda kuka ƙare da Hajiya. Ki shafa mini kan yaron.